Bangon Gabas na Masallacin Kawu

Daga Allah muka zo, can kuma muke komawa ɗaya bayan ɗaya. Kawu, yayan mahaifiyata, ya koma ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara, muka kai shi makwancinsa bayan azahar. Ina cikin waɗanda suka ɗauko makarar daga tsakar gida, saboda haka da kunnena na ji abin da matarsa, wadda muke kira Inna, ta faɗa lokacin da muka doshi zaure. Cewa ta yi, "Alhamdu lillahi, bawan Allah ya huta." Wasu mata 'yan'uwanta da suka zo daga Sara suka kalli juna, wai ko ruɗewa ta yi. Ba ruɗewa ba ce. Ni ma abin da ke raina ke nan, kunya ce kawai ta hana ni furtawa. Shekara biyu cur yana kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye, sai an juya shi, sai an ba shi abinci a baki. Mutumin da na tashi na ga yana hawa tsani kamar yana shiga ɗakinsa! Duk wanda ya yi jinyarsa ba zai ga laifin Inna ba.

An shimfiɗa tabarmin makoki a gindin dalbejiyar ƙofar gida, tana kallon tsohon masallacin ƙauyenmu, nan yankin Kiyako. Mutane sun zo daga Birnin Kudu, daga Gwaram, har daga Kano. Abin da na lura da shi, kowa in ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa," to kafin ya gama shafa addu'a idonsa ya riga ya tsallaka kan masallacin. Wani tsoho daga Gwaram, wanda Kawu ya taɓa gyara wa soro, ya girgiza kai ya ce, "To, mai riƙe da ginin nan ya tafi." Wani matashi a bayana ya raɗa wa abokinsa, "Yanzu kam sai katafila." Na waiwaya na zuba masa harara, amma a raina na san gaskiya ya faɗa.

Ga abin da ya sa. Masallacin nan ginin ƙasa ne, kakannin kakanninmu suka ɗora shi, kaurin bangonsa ya kai tsayin gaba guda, rufinsa na azara. Muna da wani ɗan gari, Alhaji, mai motocin haya da ke zaune a Kano, mutum mai alheri, ba zan rage masa ba. Shekaru da suka wuce ya zo ya ce zai rushe shi ya gina na bulo, mai tayil da fanka da lasifika huɗu. Jama'a suka ɗauki kabbara. Kawu kaɗai ya miƙe ya ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. Amma ka jira in mutu tukuna." Aka yi dariya, shi bai yi ba. Alhaji ya ce ya ji, ya kuma yi alkawari a gaban liman cewa muddin Baba, kamar yadda yake kiran Kawu, yana numfashi ba mai taɓa ginin. Kowa ya san da wannan alkawari, kowa kuma ya san ranar da zai ƙare. Ita ce wannan Talatar.

Kawu magini ne, ɗan magini. Ni kuwa malamin firamare ne a Birnin Kudu, kuma sakataren wata 'yar ƙungiyar sa-kai da muka kafa don kula da tsofaffin gine-gine: masallatai, zauruka, ragowar ganuwa. Yawancinmu malaman makaranta ne da tsofaffin ma'aikata. Mun iya rubuta wasiƙa, mun iya ɗaukar hoto, amma ba wanda ya taɓa kwaɓa ƙasa a cikinmu. Ni na roƙi Kawu ya shigo. Ranar da ya fara zuwa taro ya zauna tsit kusan awa biyu muna ta muhawara a kan irin hular da za mu ɗinka. Da aka ce ko yana da abin cewa, sai ya ce, "Ni dai ban ji wanda ya ce zai kawo jarkar ruwa ba." Daga ranar ya daina kirana da sunana, sai Sakatare, kuma yadda yake jan kalmar kai ka san ba yabo ba ne.

Bai taɓa karɓar ko kwabo a aikin ƙungiya ba. In mun je duba gini, mu muna ɗaga waya, shi yana zagaye. Ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa ya kara kunne. Ya ɗebi ƙasa ya murza, ya shinshina, wani lokaci har ya ɗanɗana da harshe ya tofar. Na taɓa ce masa, "Kawu, ka bari mana, a gaban baƙi!" Ya ce, "Baƙin ne za su kwana a ciki in ya rufta?" Maganarsa ɗaya ce kullum, har yaran gari suna kwaikwayonsa da ita: ginin ƙasa numfashi yake yi, yana shan ruwa da damina ya fitar da rani, abin da yake so kawai a riƙa tunawa da shi kowace shekara. Tunawar ita ce yaɓe. Kafin ruwan fari a kwaɓa jar ƙasa, a bar ta ta kwana kwanaki tana tsimuwa, a shafe bango da hannu, sannan a bi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka daka aka jiƙa, wanda ke sa ruwan sama ya zame ya wuce.

Yana da faɗa, kada in ɓoye. Amma akwai wata tsohuwa a bayan gidanmu da ba ta da kowa, duk shekara sai an wayi gari an ga ɗakinta ya sha sabon yaɓe. In ta zo godiya sai ya haɗe rai ya ce ragowar ƙasa ce ya rasa inda zai zubar. Ragowar ƙasar nan ba ta taɓa yankewa ba har tsohuwar ta rasu.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, don in na ɓoye shi wannan rubutu ba shi da amfani.

Wata shekara ƙungiya ta tura Kawu Gwaram gyaran wani tsohon soro, ya yi kusan wata biyu a can. Bangon gabas na masallacinmu, wato na alƙibla, shi ne ruwa ya fi duka, don daga can hadari ke tasowa. Duk shekara shi ke fara zaizayewa. Sai Alhaji ya aiko da siminti, ya ce tun da ba a rushewa, a shafe bangon da shi a huta. Na ga ai dabara ta zo. Ban aika wa Kawu ba, don na san abin da zai ce. Na samo magina na bulo, cikin kwana uku suka shafe bangon sumul, har na sa aka yi masa farin fenti. Wallahi na yi ta kai da komowa a gabansa ina jin daɗin kaina.

Kawu ya dawo ranar Juma'a, jama'a cike a ƙofar masallaci. Bai ko ajiye jakarsa ba. Ya je ya ƙwanƙwasa bangon, ya kara kunne, ya daɗe a haka. Sannan ya juyo ya ce, "Sakatare, ka toshe masa hanci. Ruwan da zai sha ta ƙasa, ta ina zai fita?"

Da na yi shiru da ya fi mini. Amma ni akwai ni da saurin hawa, ga mutane suna kallo. Na ce, "Haba Kawu! Zamani fa ya wuce nan. Sai yaushe za a daina wahalar da mutane da taɓo?"

Kawu ya dube ni, ya ce, "To." Ya ɗauki jakarsa ya shige gida.

Damina ta farko bango ya tsaya, har na fara ɗaga kafaɗa. A ta biyu, cikin watan Agusta, ana fitowa daga sallar la'asar, sai muka ji rugum! Simintin ya ɓanɓaro falle guda, ya taho da kusan taƙi ɗaya na naman bangon. Allah ya tsare ba kowa a wurin. Ni na fara isa. Abin da na gani a ciki har yau yana idona: ƙasar ta zama kamar tsinkakken tuwo, tana wari, gara ta yi gida har sama. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kawu ya zo ya duba, bai ce mini ka gani ba, ya juya ya tafi. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Da rani ya yi shi ya cike ramin, tubali bayan tubali. Na zo na cire riga na ɗebo ruwa, na miƙa masa bokiti yana kan tsani. Ya tsallake nawa ya karɓi na wanda ke bayana. Gaisuwa ba ta yanke tsakaninmu ba, yana amsawa, yana tambayar iyali. Maganar gini ce dai ya rufe mini ƙofarta. Bayan an gama aikin da 'yan watanni ciwon ya buge shi. Shekara biyun da ya yi a kwance ba a yi wa masallacin yaɓen kirki ba, don ba mai tara mutane. Ni kuwa wa zai saurare ni? Duk ƙarshen mako ina zuwa duba shi da maganar neman gafara a bakina, in zauna, in matsa masa ƙafa, in koma da ita Birnin Kudu yadda na zo da ita. Na kan tarar da masu gidajen gari suna shiga wurinsa ɗaya-ɗaya, Inna na zaune tana fassara musu abin da yake faɗa, don ita kaɗai ke gane maganarsa. Na ɗauka dubiya ce kawai.

Shi ya sa a zaman makokin nan nake jin abu biyu a lokaci guda. Na yi masa murnar hutawa. Amma na san masallacin zai bi shi, kuma na san ni na ba masu son rushewa hujja, don kullum tabon bangon gabas suke nunawa su ce ga shi nan yana neman kashe mutane.

Ranar sadakar uku, an gama addu'a da safe ana rabon waina, sai muka ji ƙugin babbar mota. Tifa ce, motar Alhaji na biye da ita. Ta juya baya ta doshi masallaci. Kai, ban san lokacin da na miƙe ba, ko takalmi ban tsaya sawa ba. Na tare Alhaji yana fitowa daga mota, na ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah! Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, har ka kawo yashi?"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, har yanzu zafin nan bai sake ka ba? Juya ka gani mana."

Na juya. Tifar ta ɗaga baya tana juye kaya. Ba yashi ba ne, ba bulo ba ne. Jar ƙasa ce, irin ta tsohon kududdufin da Kawu yake ɗiba.

Alhaji ya kama hannuna ya ja ni cikin masallaci. Sanyin nan nasa ya buge mu, ga zafi a waje kamar wuta. Ya tsaya a kusurwar arewa ya nuna sama, can ƙarƙashin azara inda ruwa bai taɓa kaiwa ba. Ya ce bara da rani Baba ya aika a kira shi daga Kano. Da ya zo, Baba ya sa shi ya tura shi a keken guragu har nan, Inna na biye. Baba ya sa aka jingina tsani, ya ce Alhaji ya hau da kansa.

"Ni da tumbina, Malam, na hau. Na haska da waya. Ka san in an yi yaɓe da hannu sawun yatsu yana fita, layi huɗu-huɗu. To a nan, daga kusurwar nan har tagar can, layi uku ne. Na ce, Baba me zan gani? Ya yi magana, Inna ta ce wai hannun babanka ne."

Mahaifin Alhaji ya rasu tun Alhaji na goye. An sha gaya masa cewa kakkarai ya cinye wa mahaifinsa yatsa ɗaya a hannun dama, iyakar abin da ya sani game da kamanninsa ke nan.

"Ba ni da hotonsa, ba ni da ko hularsa. Na ɗora hannuna a kan nasa, Malam, daidai wa daida. Na yi kuka a kan tsanin nan kamar yaro. Yanzu ka gaya mini, wannan zan sa katafila ta ture? Sabon masallaci zan gina shi, in sha Allahu, amma a bakin titi kusa da tasha, inda matafiya ke buƙata. Baba ya ce kada in faɗa wa kowa sai ya tafi, wai in an ji da wuri mutane za su saki jiki su bar mini aikin ni kaɗai."

Na zauna daɓas a kan tabarma, na yi wata ajiyar zuciya da na yi shekara ban yi irinta ba. Dariya ta zo mini, hawaye ma suka zo, na rasa wanda zan fara. Alhaji ya ce, "Ka ga sarkin faɗa, tashi ka nemo takalminka."

A waje liman ya tara jama'a ya warware sauran zancen. Ashe masu gidajen nan da nake gani suna shiga ɗaya-ɗaya, ba dubiya kaɗai ke kai su ba. A da can, in ji liman, kowane gida a garin nan yana da rabonsa a jikin masallaci, wurin da shi ke yaɓewa duk shekara, uba ya bar wa ɗa. Da tafiya ta yi tafiya aka watsar, aka bar wa Kawu shi kaɗai, mu kuma 'yan ƙungiya muka zo muka ɗauka mu ne za mu ceci gini da takarda. Kawu yana kwance, da rabin harshe, ya bi gida-gida ya mayar wa kowa da rabon kakansa, don shi kaɗai ya rage da ya san wane hannu ne a ina. Arewa ta gidan su Alhaji ce. Maƙera suka ce kudu tasu ce, har an nuna musu inda kakansu ya dangwala babban yatsa. Gidan liman suka ɗauki ƙofa da abin da ke kewaye da ita, 'ya'yan Kawu kuma rufi da indararo. Ina tsaye ina saurare, aka gama, ban ji an ambaci gabas ba. Ban tambaya ba. Na ce a raina, ai ko wa aka ba, ba ni da bakin magana, masallaci dai ya tsira, ya ishe ni.

Ina shirin komawa tabarma aka ce Inna na kira. Na same ta a ƙofar ɗakinta cikin mayafin takaba, carbi a hannu. A gefenta ga buhu biyu cike da ɓawon ɗorawa, 'yan'uwanta na Sara suka taho mata da shi tun kafin rasuwar, ita ta aika musu.

Na durƙusa na ce, "Ga ni, Inna."

Ta ce, "Ka ji an raba, ba ka ji gabas ba ko?"

Na ce, "Ban ji ba."

"Gidan da ke da gabas sun ƙare, ba wanda ya rage. Na tambaye shi, to wa za a ba? Ya ce Sakatare. Na ce masa, shi da ya ɓata shi? Ya ce shi ɗin dai. Ya ce duk garin nan kai kaɗai ka leƙa cikin bangon nan da idon mai laifi, ko an ce ka manta da shi ba za ka iya ba."

Na sunkuyar da kai. Da ƙyar na ce, "Inna, ban fa taɓa roƙonsa gafara ba."

Ta ce, "Yo shekara biyu kana matsa masa ƙafa, ka ɗauka bai san me ke kawo ka ba? Tashi ka kwashi buhunan nan, mata za su daka. Af, ya kuma ce in gaya maka, ranar yaɓe ka cire agogon nan naka."

Aka zuba wa ƙasar ruwa ta tsimu. Kashegarin sadakar bakwai gari ya fito gayya tun da sanyin safiya. 'Yan ƙungiyarmu suka zo daga Birnin Kudu, wannan karon kowa da jarkarsa. Alhaji ya naɗe wando har gwiwa yana taka ƙasa yana haki, direbobinsa na yi masa tsiya. Ni na cire agogo na ba wani ya riƙe, na hau tsani a gabas. Tsohon nan na Gwaram ya tsaya a ƙasa yana yi mini gyara: "Daga sama zuwa ƙasa, Malam! Ba allo kake gogewa ba!" Yaɓena ya fito a karkace, duk wanda ya gani ya san hannun ɗan koyo ne. Aka bi da makuba, bango ya yi duhu yana ƙyalli.

Ruwan fari ya sauka bayan kwana tara, da la'asar, daga gabas kamar kullum, da iska mai ƙarfi. Ina makaranta na ga hadarin ya haɗo, na hau babur na taho. Na tsaya a gindin dalbejiya na jiƙe sharkaf ina kallo. Ruwan yana dukan bangon yana zamewa yana gangarewa ƙasa. Da ya ɗauke na je na ƙwanƙwasa da bayan yatsa, na kara kunne yadda yake yi. Gaskiya ban san abin da ake saurare ba, bai kai ga koya mini ba. Na dai ji shi tsaye daram, ga sawun yatsuna huɗu a karkace, ko ɗaya bai goge ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa faɗansa, ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya bar mana wuri mai sanyi muna sujada. Allah ya ba Inna haƙuri da ladan jinya. Ni kuma ya ba ni rai da lafiya zuwa bazara mai zuwa, don bangon gabas yana jirana.